Yadda ake gano asalin iyali a Ingila ta rajistar coci da takardun wasiyya

A Ingila, talaka wanda gidansu bai taɓa riƙe sarauta ba yana iya bin salsalarsa shekara 300 ko 400 baya, suna bayan suna. Takardu iri biyu ne suka ba da wannan dama: rajistar da coci-coci suke ajiyewa tun shekarar 1538, da takardun wasiyya da kotuna suka tabbatar. Rajista tana ba da suna da kwanan wata, wasiyya kuma tana fayyace wane ɗan wane ne. Masana nasaba ba sa sakin jiki da salsala sai takardun nan sun gaskata juna, domin a ƙauye guda ana iya samun mutum uku masu suna iri ɗaya a zamani ɗaya.

Yadda rajistar ta samo asali

Tun zamanin da, an kasa Ingila zuwa ƙananan gundumomi, kowacce da cocinta da limaminta. Gundumomin sun haura 10,000. Ita ce ake kira parish da Ingilishi, paroisse da Faransanci.

A watan Satumba na 1538, Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na 8, ya ba da umarnin kowace gunduma ta tanadi littafin da za a riƙa rubuta duk baftisma, da ɗaurin aure, da jana'iza. Limami zai yi rubutun kowace Lahadi a gaban ɗaya daga cikin wakilan jama'a masu kula da dukiyar coci, sannan a kulle littafin a akwati mai makulli biyu. Wanda ya yi sakaci, tararsa sule 3 da kwabo 4. Jama'a da yawa sun ɗauka wata dabara ce ta ƙaƙaba sabon haraji, don haka ba ko'ina aka bi umarnin da zuciya ɗaya ba.

Shekara guda bayan haka, a 1539, Sarki François na 1 ya kafa irin wannan doka a Faransa, wadda aka sani da dokar Villers-Cotterêts. Sai dai a 1792 Faransa ta karɓe aikin daga hannun coci ta miƙa wa ofisoshin magadan gari, tsarin da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka suka gada. Ingila kuwa ta bar shi a hannun coci har 1837.

Littattafan farko na takarda ne, kuma danshi da ɓeraye sun cinye da dama. A 1598, zamanin Sarauniya Elizabeth ta 1, aka umarci a kwafe tsofaffin bayanai a kan fatar da aka jeme don rubutu, musamman daga farkon mulkinta. Shi ya sa rajistar gundumomi da yawa take farawa daga 1558, kaɗan ne suka kai 1538. Umarnin ya kuma ce a riƙa aika wa bishop kwafin abin da aka rubuta duk shekara. Idan gobara ko ambaliya ta ci littafin coci, kwafin bishop ne yake ceton mai bincike.

Dokokin da suka canza abin da ake rubutawa

Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642 ya bar giɓi a littattafai da yawa. An kori limamai, an kashe Sarki Charles na 1 a 1649, kuma daga 1653 aka ɗora aikin rajista a kan wani jami'in da jama'a suka zaɓa, aure kuma ya koma gaban alƙalai. Sai da sarauta ta dawo a 1660 al'amura suka daidaita. Salsalar gidaje da yawa a wannan tsakani take yankewa.

Dokokin 1666 da 1678 sun wajabta a yi wa mamaci likkafani da ulun Ingila, don a raya kasuwar masaƙan ƙasar. Wanda ya saɓa, tararsa fam 5. Saboda haka akan ga alama a gefen sunan mamaci da ke nuna an rantse cewa an bi dokar.

Dokar aure ta 1753, mai ɗauke da sunan Lord Hardwicke, ta fara aiki ranar 25 ga Maris 1754. Kafin ita, auren ɓoye ya yawaita, musamman a kewayen kurkukun Fleet da ke Landan. Dokar ta ce ba a yarda da aure ba sai an ɗaura shi a Cocin Ingila, bayan an yi shela Lahadi uku a jere ko an karɓi lasisi. An keɓe Yahudawa da mabiya ɗariƙar Quaker. Ango da amarya da shaidu biyu za su sa hannu a littafi na musamman, wanda bai iya rubutu ba ya zana alama. Sunayen shaidun suna da daraja, domin galibi ƴan'uwa ne.

Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin taro a kan kowane suna da aka shigar. An yafe wa matalauta, amma wasu iyaye sun jinkirta yi wa ƴaƴansu baftisma. Sai kuma dokar George Rose ta 1812, wadda ta kawo bugaggun littattafai daga farkon 1813. Tun daga nan rajistar baftisma take nuna sunan uba da uwa, da mazauninsu, da sana'ar uban, ta jana'iza kuma take nuna shekarun mamaci.

Daga ina ake farawa

Ƙa'idar farko ita ce a fara daga mutumin da aka sani a yi baya, mataki-mataki. Ba a ɗauko wani shahararre mai irin sunan gida a yi ƙoƙarin gangarowa daga gare shi. Turawan Ingila suna gadon sunan gida ne daga uba zuwa ɗa, ba kamar Bahaushe da yake jingina sunansa da sunan yankan mahaifinsa ba, kuma wannan al'ada ta zauna tun wajen shekarar 1400. Mace takan ɗauki sunan gidan mijinta, don haka gano sunan gidan iyayenta shi ne mabuɗin dangin uwa.

Ranar 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa a Ingila da Wales. Takardar haihuwa tana nuna sunan gidan iyayen uwa, ta aure kuma tana nuna sunan mahaifin ango da na amarya da sana'o'insu. Sai a watan Mayu na 2021 aka fara sa sunayen iyaye mata a takardar aure. A shekarun farko wasu jarirai sun tsere wa rajista, har sai da aka ɗora wa iyaye alhakin kai rahoto daga 1875.

Ƙidayar jama'a ita ce gadar da ake bi a tsallaka zuwa zamanin coci. Ta 1841 ce ta farko da ta rubuta sunan kowa, amma an rage shekarun waɗanda suka haura 15 zuwa adadin da yake rabuwa da biyar, ta yadda mai 44 zai fito a matsayin mai 40. Ta 1851 ta nuna ainihin garin da aka haifi kowa da dangantakarsa da maigida. Idan dattijo ɗan shekara 70 ya faɗi ƙauyensu a 1851, mai bincike ya san cocin da zai nufa, kuma ya san zai duba wajen 1781. An saki ƙidayar 1921 a 2022. Ta 1931 ta ƙone a gobarar 1942, kuma ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi.

Aikin yana ƙaruwa da kowane mataki: iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, a mataki na goma kuwa 1,024. Shi ya sa akan bi zuriya ɗaya a gama kafin a kama wata.

Abin da wasiyya take bayyanawa

Wasiyyar Ingila ta bambanta da wadda aka sani a fiƙihun Musulunci, inda ba ta wuce sulusin dukiya kuma ba a yi wa magaji. A can, mai dukiya yana da faɗin dama ya raba kayansa tsakanin matarsa da ƴaƴansa da duk wanda ya ga dama, kuma tun dokar 1540 aka yarda ya yi wasiyya da yawancin filaye. Saboda haka takarda ɗaya takan jero mata, da ƴaƴa, da surukai, da jikoki, da barori, kowa da dangantakarsa. Idan uba ya ambaci ƴarsa da sunan gidan mijinta, ya warware wa mai bincike aure guda ke nan.

Kafin 12 ga Janairu 1858, kotunan coci ne suke tabbatar da wasiyya, kuma sun haura 200. Inda dukiyar take shi ne yake nuna kotun da za a je. Idan duk tana ƙaramin yanki ɗaya, ƙaramar kotu ce. Idan mamaci ya bar kayan da suka kai fam 5 a yankunan bishop fiye da ɗaya, sai kotun babban bishop: ta York a arewa, ta Canterbury a kudu. Ta Canterbury ce babba, kuma ita ce take duba wasiyyar waɗanda suka mutu a teku ko a ƙasashen waje, ciki har da ƴan kasuwa da sojojin da suka rasu a gaɓar Afirka ta Yamma. Wasiyyoyinta sun haura miliyan ɗaya, daga 1384 zuwa 1858. Daga 1858 aikin ya koma kotun gwamnati, tare da jerin sunaye na ƙasa baki ɗaya da aka riƙa fitarwa duk shekara.

Daga wajen 1530 zuwa 1782 akan haɗa wasiyya da lissafin kayan mamaci, ɗaki bayan ɗaki: gadaje, tukwane, shanu, hatsi, kayan sana'a da basussuka. Idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, kotu takan ba matarsa ko wani makusanci takardar izinin kula da dukiyar, ita ma tana ambaton dangantaka.

Wasiyya tana da iyaka. Yawancin talakawa ba su bar ta ba. Matar aure ba ta da ikon yin ta sai da yardar mijinta, har zuwa dokar 1882, don haka wasiyyoyin mata galibi na zawarawa ne da waɗanda ba su yi aure ba. Rashin ganin sunan ɗa ba ya nufin babu shi: babban ɗa yakan gaji fili bisa al'ada ba tare da an ambace shi ba, ƴar da aka riga aka ba rabonta lokacin aure ma akan tsallake ta.

Misali daga gidan Shakespeare

Gidan marubucin nan William Shakespeare ya nuna yadda takardun suke cike giɓin juna. Rajistar cocin Holy Trinity da ke Stratford-upon-Avon ta nuna an yi masa baftisma ranar 26 ga Afrilu 1564, a matsayin ɗan John Shakespeare. Ba ta faɗi ranar haihuwa ba. Ranar 23 ga Afrilu da ake bikin tunawa da shi hasashe ne.

Matarsa ta fi wuyar ganowa. Kabarinta ya nuna ta rasu a 1623 tana da shekara 67, wato an haife ta wajen 1556, kafin rajistar garin ta fara a 1558. Littafin bishop na Worcester ya rubuta ranar 27 ga Nuwamba 1582 cewa an ba shi lasisin auren Anne Whateley, amma takardar lamuni ta washegari ta ce Anne Hathwey. Yawancin masana suna ganin kuskuren magatakarda ne.

Wasiyya ce ta raba gardama. A 1581 wani manomi a ƙauyen Shottery, Richard Hathaway, ya bar wa ƴarsa Agnes fam 6 da sule 13 da kwabo 4, a ba ta ranar aurenta. A wancan zamani Agnes da Anne suna ɗaya ne. Mutum biyun da suka tsaya lamunin fam 40 a auren Shakespeare, Fulk Sandells da John Richardson, duk sunayensu suna cikin wannan wasiyya. Sannan makiyayin tumakin Hathaway, Thomas Whittington, ya ambata a tasa wasiyyar ta 1601 cewa yana da sule 40 a hannun Anne, matar William Shakespeare. Takardar makiyayi ta ƙarfafa abin da littafin bishop ya rikita.

Shakespeare ya sa hannu a wasiyyarsa ranar 25 ga Maris 1616, aka binne shi ranar 25 ga Afrilu. Ya ambaci ƴaƴansa mata Susanna da Judith, da ƙanwarsa Joan Hart, da matarsa wadda ya bar wa gadonsa na biyu a kyau. Bai ambaci ɗansa Hamnet ba, kuma rajista ta faɗi dalili: an binne yaron ranar 11 ga Agusta 1596 yana ɗan shekara 11. Ƴaƴan Judith maza uku sun mutu ba su haihu ba. Jikarsa Elizabeth, ƴar Susanna, ta yi aure sau biyu, ta rasu a 1670 ba ta bar ɗa ba. A nan zuriyarsa ta ƙare. Duk mai alaƙa ta jini da gidan a yau, ta wajen Joan Hart ko wani dangi ya biyo.

Tarkunan da ake faɗawa

Na farko shi ne kalanda. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris. An yi wa Susanna baftisma ranar 26 ga Mayu 1583, tagwayen Hamnet da Judith kuma ranar 2 ga Fabrairu 1585. Amma a lissafin wancan zamani shekarar 1584 ba ta ƙare ba tukuna. Wanda bai san haka ba zai ɗauka wata takwas ne tsakanin haihuwar biyu, alhali wata 20 ne. A 1752 kuma aka tsallake kwana 11: daga Laraba 2 ga Satumba aka wayi gari Alhamis 14 ga wata.

Na biyu, rubutun suna. Limami yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. A takardun aurensa biyu an rubuta sunan Shakespeare iri biyu, Shaxpere da Shagspere. Tsofaffin littattafai da yawa kuma da Latin aka rubuta su, inda John yake zama Johannes, William kuma Gulielmus.

Na uku, kalmomin dangantaka. Shakespeare ya kira jikarsa Elizabeth da kalmar da yau take nufin ƴar ɗan'uwa. Kalmar da yau take nufin suruki, a da tana iya nufin agola.

Na huɗu, maimaita suna. Idan jariri ya mutu, iyaye sukan mayar da sunansa ga wanda ya biyo baya. Wanda ya samu baftisma bai duba jana'iza ba yana iya ɗaukar yaron da ya mutu yana wata uku a matsayin kakansa. Wasu kuma ba a yi musu baftisma ba sai sun girma, ko a haɗa ƴaƴa uku rana ɗaya.

Na biyar, ba kowa ne ɗan Cocin Ingila ba. Ƴan Katolika, Baptist, Methodist da Quaker suna da nasu littattafan. An tattara da yawa na ɗariƙun Furotesta a hannun gwamnati bayan 1837, amma yawancin na Katolika sun zauna a cocinsu. Wanda bai bar wasiyya ba kuwa akan same shi a takardun tallafin matalauta. Bayan dokar 1662, kowace gunduma tana ɗaukar nauyin nata talakawan kaɗai, don haka akan titsiye baƙo ya faɗi inda aka haife shi da inda ya yi aiki, a rubuta.

Ƴan Afirka a cikin rajistar

Littattafan nan sun adana sunayen baƙaƙen fata da suka zauna a Ingila tun ƙarni na 16. Sananne a cikinsu shi ne Olaudah Equiano, tsohon bawa da ya yi fafutukar hana cinikin bayi. An yi masa baftisma a cocin St Margaret da ke Westminster a watan Fabrairu na 1759 da sunan Gustavus Vassa. Ya auri Susannah Cullen a garin Soham ranar 7 ga Afrilu 1792, ya rasu a 1797. Ƴarsa Joanna ta gaji fam 950 da ta cika shekara 21 a 1816.

A littafin tarihin rayuwarsa na 1789 ya ce a Afirka ta Yamma aka haife shi, a yankin da masana suke dangantawa da ƙasar Ibo, amma rajistar baftisma ta ce Carolina, a Amurka. Har yau masana tarihi suna muhawara a kai. Rajista tana ɗauke da abin da aka faɗa wa limami ne, kuma yaron da yake hannun ubangida ba lalle ne shi ya ba da amsar ba.

Inda takardun suke a yau

Bayan wata dokar coci ta 1978, an kwashe yawancin tsofaffin littattafai zuwa ma'adanar takardun tarihi ta kowane lardi. Wasiyyoyin kotun Canterbury suna babbar ma'adanar ƙasa da ke Kew, a Landan, na York kuma suna cibiyar Borthwick ta Jami'ar York. Takardun haihuwa, aure da mutuwa daga 1837 ana neman su a babban ofishin rajista da ke Southport. Ƙungiyar masana nasaba ta Landan, wadda aka kafa a 1911, tana da babban ɗakin karatu.

Ana iya yin yawancin aikin ta intanet daga ko'ina. FamilySearch, FreeBMD da FreeREG kyauta ne, Ancestry da Findmypast kuma na kuɗi. Jerin sunayen da suke cikinsu mutane ne suka kwafa, kuma sukan yi kuskure, don haka a duba hoton ainihin shafin. Salsalar da wani ya ɗora ba tare da takarda ba, jita-jita ce har sai an tabbatar.

Abin da yake rataye a kan binciken

Binciken ya wuce sha'awa kawai. Idan mutum ya mutu a Ingila bai bar wasiyya ba kuma ba a san danginsa ba, dukiyarsa tana komawa hannun masarauta, sai dai idan wani ya kawo takardun da suka haɗa shi da mamacin mataki-mataki. Haka kuma ɗan ƙasar da take cikin ƙungiyar Commonwealth, kamar Najeriya, Ghana, Kamaru ko Togo, yana iya neman bizar zama da aiki ta shekara biyar idan an haifi kakansa ko kakarsa a Birtaniya. Nijar da Chadi ba sa cikin ƙungiyar. A nan cikakkun takardun haihuwa na mai nema da na mahaifi ko mahaifiyarsa da na kakan ake buƙata.

Ƴan damfara sun san da wannan. Sukan aiko da saƙo cewa wani attajiri mai irin sunan mutum ya mutu a Landan ya bar dukiya, a turo kuɗin lauya. Doka ba ta ba kowa gado don sunansa ya yi kama da na mamaci. Abin da take nema shi ne takardar da ta nuna wane ya haifi wane, kuma wasiyyar da aka tabbatar a Ingila tun daga 1858 takarda ce da kowa yake iya neman kwafinta daga hukuma da kansa, idan ya biya kuɗi.